Yadda ake ceto fadamar gishiri ta bakin teku: ruwa tukuna, shuka daga baya

Jama'a barkanmu. Abun da zan yi bayani yau yawancinmu bamu tashi mun ganshi ba, mu da teku sai a talabijin, amma duk wanda ya san fadama, ya san yadda ruwa ke malalowa ya kwanta ya ajiye laka sannan ya janye, toh ya riga ya iya rabin karatun. Fadamar gishiri fili ne shimfiɗaɗɗe a gaɓar teku, galibi inda kogi ke zubawa ko a bayan wani tsibiri inda igiyar ruwa bata da ƙarfi sosai, gajerun ciyayi masu jure gishiri sun rufe shi, ƙananan ƙoramu sun tsattsaga shi kamar jijiyoyin ganye. Tamu ta Hadejia ko ta gulbin Sakkwato sau ɗaya take cika a shekara, ita kuwa wannan sau biyu a rana teku ke shigowa ƙoramunta ya fita, kuma ruwan da ke shigowa kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wanda in ka zuba wa masara ko shinkafa sai dai wata ba ita ba.

An fi samunta a ƙasashe masu sanyi, Ingila, Holan, Jamus, Faransa, gabashin Amurka, Ajantina, Sin. Mu a yankin zafi itatuwan mangirof, masu tsirowa cikin lakar ruwan gishiri, su ne ke tsayawa a gurbinta kamar a Neja Delta, sai dai a bayansu akan samu filayen ciyawar gishiri, misali gefen tafkin Keta a Ghana ko gaɓar Bahar Maliya ta Sudan inda raƙuma ke kiwo. Misalaina zan ɗauko su ne daga Ingila da Amurka saboda can aka fi yin aikin, can aka fi yin kurakurai, kuma sun rubuta kurakuran nasu.

In kace meye amfanin wahala akan taɓo da ciyawa, ga abu biyu. A birnin Hanoba na Jamus an yanko ainihin ƙasar fadama da ciyawarta aka shimfiɗa tsawon mita 40 cikin wata ƙatuwar kwata ta gwaji, aka sako mata igiyar ruwa irin ta guguwa, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna tsayin igiyar ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa biyar, kuma ko da ciyawar ta kakkarye ƙasar bata zaizaye ba saboda saiwoyi sun ɗaure ta. A jihar North Carolina ta Amurka kuma bayan guguwar Irene ta 2011, a wani yanki an tarar wajen kashi uku bisa huɗu na katangun da mutane suka gina a bakin ruwa sun lalace, amma gaɓar da ke da ciyawa ta tsaya. Banda haka nan ne ƙananan kifaye ke girma kafin su fita teku, nan tsuntsaye masu ƙaura ke yada zango, kuma laka tana binne kabon da yawa, wato sinadarin da in ya fita cikin iska yake ƙara ɗumamar duniya.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga matakan. Kusan kowa in ya ji ana maganar farfaɗo da fadama abun da ke zuwa masa shine a tara 'yan sa kai da riguna iri ɗaya a dasa ciyawa a ɗauki hoto a ɗora a Facebook. Shuka ita ce ta kusa da ƙarshe, wani lokacin ma ba'a buƙatarta sam. Ruwa, tsayin ƙasa, laka, in waɗannan ukun suka daidaita ciyawa da kanta zata zo, in basu daidaita ba ko miliyan nawa ka dasa zata ruɓe a wata uku.

Mataki na farko: ka zauna ka kalli ruwa wata guda cur

Kar ka taɓa komai. Ka samu littafi da biro da doguwar sanda da ka yi wa alamar santimita da fenti, ka kafa ta a bakin ƙorama. Teku na cika kusan bayan kowace awa 12 da minti 25, shi yasa cikar gobe zata makara da wajen minti 50 akan ta yau. Kuma cikar ba iri ɗaya bace, wata ne ke juya ta, nan mu masu lissafin watan Musulunci mun samu sauƙi: kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata da kuma bayan daren sha huɗu, nan ake babbar cika, ruwa ya hau sosai ya kuma janye sosai. Wajen bakwai ko takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, nan ake ƙaramar cika. Mafi girman duka sukan zo wajen Maris da Satumba.

Dalilin wannan zaman shine ciyawar gishiri tana rayuwa ne a wani siririn tsakani, daga inda ƙaramar cika ke tsayawa zuwa inda babbar cika mafi girma ke kaiwa. Ƙasa da haka laka ce tsura, sama da haka tudu ne na ciyawar gari. Ka rubuta ina ruwa ya kai kowace rana, awa nawa yayi kafin ya fita, ina ne yake kwanciya ya ƙi tafiya. Ka samu jadawalin cikar teku na tashar jiragen ruwa mafi kusa ka kwatanta da abun da idonka ya gani, don sau da yawa cikin lungu ruwa kan makara ko ya gaza kaiwa abun da takarda ta ce.

Dan Allah a nan in ja kunne. Kar ka shiga kai kaɗai, kuma ka shiga lokacin da ruwa ke janyewa ba lokacin da yake dawowa ba, saboda ƙoramun bayanka ne ke fara cika kana can gaba kana kallon teku baka sani ba an yanke maka hanya. Lakar ƙorama tana iya haɗiye mutum har cinya, ni kaina na taɓa barin takalmin roba ƙafa ɗaya a ciki na dawo da safa. In ka nutse kar ka yi ta fizga, ka kwanta ka baza jikinka ka ja ƙafa a hankali.

Mataki na biyu: ka gano abun da ke kashe ta

Nan ne ainihin aikin, kuma nan aka fi yin gaggawa. Fadama bata mutuwa haka kawai, kuma kowace cuta da alamarta.

Wadda ta fi yawa ita ce an toshe mata ruwa. An gina titi ko layin dogo ko ganuwa, aka sa ɗan kwalbati wanda bai isa ba. Alamar ita ce ka tsaya akan titin ka duba hagu da dama, ɓangaren teku gajeriyar ciyawar gishiri, ɓangaren ciki dogayen kara sun fi mutum tsayi sun cinye ko'ina, saboda ruwan ya zama na daɗi. Duk wanda ya ga yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a Hadejia zuwa Nguru bayan madatsun Tiga da Challawa sun canza yadda ruwa ke zuwa, ya san wannan labarin, a fadamun gishirin ma dangin kachalla ɗin da wani kara mai suna Phragmites ne ke shiga. Ka auna tsayin cika a ɓangarorin biyu rana ɗaya, in akwai tazara babba toh ka kama ɓarawon.

Ta biyu zaizayar baki. Zaka ga gefen fadama ya zama gaɓa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, manyan ɓangarori suna ɓallewa suna faɗawa. Igiyar ruwa ce, ko ta iska ko ta jiragen da ke wucewa da gudu, ko kuma an yashe hanyar jirgi kusa da wurin.

Ta uku nutsewa. Tsakiyar fili ya fara yin tabkuna, ciyawa ta yi rawaya ta mutu, ruwa ya kwanta baya fita, in ka taka sai warin bara-gurbi. Wannan na nufin ƙasa bata tashi da saurin da teku ke tashi, ko don an tare lakar da kogi ke kawowa da madatsa a sama, ko don ƙasar kanta tana zama.

Ta huɗu tana da yaudara, wato taki. Ruwan gona mai takin zamani ko ruwan kwata da masai yana shigowa, ciyawa tayi kore shar tayi tsayi, kowa yace ai lafiya lau. A Plum Island ta jihar Massachusetts masu bincike sun shafe shekara tara suna zuba taki cikin wasu ƙoramu da gangan, sakamakon da suka fitar a 2012 shine ganye ya ƙaru amma saiwa ta ragu, tunda ciyawa ta samu abinci a sama me zai sa ta wahalar da kanta zuwa ƙasa, ƙarshe bakin ƙoramun ya tsattsage ya rufta. In wannan ce matsalarka maganin yana can gonaki da magudanan gari, ba cikin fadama ba.

Sai masu ci. A Cape Cod, a jihar Massachusetts ɗin dai, wata ƙaguwa mai launin shunayya da ke fitowa da dare ta cinye ciyawar bakin ƙoramu, aka bincika aka ga inda masu kamun kifi suka rage manyan kifayen da ke cin ƙaguwar nan ne abun ya fi muni. A Louisiana kuma wani ƙaton ɓera ne mai kama da gafiya da aka kawo daga Kudancin Amurka saboda fatarsa, yana tone saiwa, har gwamnatin jihar ke biyan dala 6 akan kowace jela. Shanu da tumaki in sun yi yawa suma suna cikin wannan layin.

Ta ƙarshe matsi. Teku na tashi daga gaba, a baya kuma ganuwa ko gidaje, fadama bata da inda zata matsa, sai ta yi ta sirancewa har ta ƙare. Wannan ce babbar cutar kudu maso gabashin Ingila.

Mataki na uku: mutane da takardu

Ba zan daɗe a nan ba amma kar ka tsallake. Ka san mai filin, ka san hukumar da ke da iko da gaɓar teku da ta muhalli, ka nemi izini a rubuce, in wurin yana cikin jerin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare fadamu, akwai ƙarin ƙa'idoji. Sannan ka zauna da masunta, makiyaya, masu dafa gishiri, da masu gidajen kusa, tun kafin ka zana komai ba bayan ka gama ba. Ka sa a ranka cewa ce wa manomi za'a fasa ganuwar da kakanninsa suka gina a bar teku ya shiga gona ba ƙaramar magana bace. A gabashin Ingila har yanzu ana tuna ambaliyar 1953 da ta kashe mutum sama da 300, a Holan sama da 1,800, mutanen da suka ga wannan ba zaka zo musu da zane a kwamfuta su ce toh ba. Tambaya biyu zasu yi maka, gidana zai tsira, kuma sauro zai ƙaru. Ka tanadi amsar gaskiya. Dattawan wurin kuma sun san inda tsohuwar ƙorama ta bi kafin a cike ta, wannan ilimin zai rage maka kuɗin katafila.

Mataki na huɗu: awon tsayin ƙasa

Ka nemi fadama mai lafiya mafi kusa, ita ce malamarka. Ka auna a wane tsayi kowace ciyawa take. A Turai zaka ga can ƙasa kusa da laka Salicornia ce, wata 'yar tsiro mai gaɓa-gaɓa mai ruwa a jiki wadda har cinta ake yi, tare da wata ciyawar gishiri mai suna Spartina, sama kaɗan wasu ciyayin daban, can sama kuma wasu. Tazarar santimita 10 zuwa 20 kawai tana iya raba wannan da waccan, shi yasa awon ido baya yi. In akwai kuɗi a kira safiyo da na'urarsa, in babu, dogon tiyo mai ruwa irin wanda magina ke daidaita lebur dashi zai yi maka a ƙaramin fili, ko ka kafa turaku da yawa ka yi musu alama daidai lokacin da ruwa ya cika ya tsaya cak, shi ruwa ai baya ƙarya wajen lebur.

Abun da zaka tarar kusan kullum shine filin da aka daɗe da tarewa da ganuwa ya fi fadamar waje ƙasa, wani lokacin da mita ɗaya ko fiye, saboda ya bushe ya zauna shekara da shekaru, ita kuwa ta waje tana ta samun laka tana tashi. In ka buɗe wa teku a haka tabki zaka samu ba fadama ba. A Tollesbury ta yankin Essex a Ingila da aka buɗe a 1995, ɓangare babba na filin yayi ƙasa da yawa, ya daɗe yana laka tsura, ciyawa sai ta gefen tudu. A tsibirin Wallasea kuwa ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta yi dabara, lokacin ana haƙa ramin jirgin ƙasa na Crossrail a ƙarƙashin Landan ana neman inda za'a zubar da ƙasa, sai aka yi ta kawo ta da jiragen ruwa, sama da tan miliyan 3, aka ɗaga filin sannan aka fasa ganuwa a 2015. A Jamaica Bay kusa da filin jirgin sama na JFK a New York, yashin da aka yaso daga hanyar jiragen ruwa aka yi amfani dashi aka ɗaga tsibiran da ke nutsewa, tun daga 2006.

Shawarata, in zaka cika ka tsaya ɗan ƙasa kaɗan da tsayin da kake so, ka bar teku ya ƙarasa da lakarsa mai laushi, ita iri ya fi kamawa. Kuma kar ka daidaita wurin sumul kamar filin ƙwallo, ka bar tudu da kwari da gangare mai sauƙi. In ƙasar daga wani wuri za'a kawo, a gwada ta tukuna, lakar tashar jiragen ruwa tana iya zuwa da mai da gubar ƙarfe.

Mataki na biyar: ƙoramu, da sabuwar ganuwa in ana buƙata

Duk wannan ana yinsa a bushe kafin ruwa ya shigo, don bayan ya shigo katafila ma nutsewa zata yi. In akwai gidaje ko gonaki a baya sai an fara gina sabuwar ganuwa can ciki an bar ta ta zauna ciyawa ta kama ta. Sannan a haƙa babbar ƙorama daga inda za'a fasa, mai lanƙwasa ba miƙaƙƙiya ba, da 'ya'yanta suna rarrabuwa suna sirancewa. Tsofaffin hotunan sama suna nuna sawun ƙoramun da, a bi su. Ƙasar gona da tarakta ta daɗe tana dannewa takan yi tauri kamar daɓe, ruwa baya ratsa ta, a yi mata huɗa mai zurfi a farfasa, a kuma toshe tsofaffin lambatun gona masu miƙewa in ba haka ba ruwa su zai bi.

Maganar sauro tana nan. A shekarun 1930 Amurkawa sun tsattsaga kusan kashi 90 cikin 100 na fadamun da ke tsakanin Maine da Virginia da miƙaƙƙun lambatu don kashe sauro, abun da har yau ake gyara ɓarnarsa. Sauro na haihuwa ne a ruwan da ya kwanta wanda kifi baya kaiwa, don haka maganin shine ɗan siririn hanya mara zurfi, wanda da shebur ma ana yi, daga tabkin zuwa ƙorama, ruwa ya fita ƙananan kifi su shiga su cinye tsutsar.

Mataki na shida: buɗe wa teku

Ana fasawa ne a kwanakin ƙaramar cika, lokacin da ruwa ya janye, don a samu 'yan kwanaki masu sauƙi kafin babba ta zo. Faɗin ƙofar aikin injiniya ne, in tayi ƙanƙanta ruwa zai riƙa fita da ƙarfi yana haƙa rami yana kwashe laka, kuma filin bazai cika ko ya tsane akan lokaci ba. Misalin da nafi so shine Medmerry a kudancin Ingila, inda a da kowace shekara ake tura tsakuwa da katafila ana gyara shingen bakin teku teku na rushewa, ƙarshe hukumar muhalli ta gina sabuwar ganuwa mai tsawon kilomita 7 can ciki akan fam miliyan 28, aka fasa tsohon shingen a Satumbar 2013, hunturun da ya biyo baya aka yi guguwa masu tsanani kuma gidaje sama da 300 da aka yi aikin dominsu suka tsira. Ingila ta fara gwada wannan ne da ɗan fili da bai kai hekta ɗaya ba a tsibirin Northey a 1991, kaga ba da babba aka fara ba, kai ma kar ka fara da babba.

In matsalarka kwalbati ce kawai, ka faɗaɗa shi ko a sa gada, amma a hankali. A kogin Herring na Cape Cod an toshe ruwa tun 1909, ƙasar da ta bushe tayi tsami saboda sinadarin farar wuta da ke cikin laka in ya sha iska asid yake zama, har kifaye suka riƙa mutuwa. Aikin gyaran da aka fara a 2023 gada ce mai ƙofofi da za'a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan cikin shekaru ana duba rijiyoyi da gidajen mutane. In ka ga ruwa ja kamar tsatsa a lambatun filinka, ka yi zargin wannan tsamin. Kuma ka faɗa wa mutane tun wuri cewa bishiyoyi da karan da ke ciki zasu mutu su bushe, shekarar farko wurin muni zai yi, kar su ce ka kashe musu daji.

Mataki na bakwai: ka taimaki laka ta zauna

Inda igiya ke da ƙarfi laka bata samun sukunin kwanciya. Mutanen gaɓar Holan da arewacin Jamus sun daɗe da dabararsu, turaku layi biyu a kafa cikin laka, a cusa ƙirare a tsakani a ɗaure da waya, a yi su kamar manyan fangali, ruwa ya shiga ya lafa ya sauke lakarsa. Yana aiki amma yana son gyara kusan duk shekara, kuma in ruwan wurin bashi da laka tun asali toh dangar banza ka yi. Gwaji mai sauƙi, ka ɗebi ruwan cika a kwalba ka ajiye ya kwana ka ga abun da ya kwanta. A Amurka sun fi amfani da ɗan gajeren shingen duwatsu ko buhunan ɓawon kawa a gaban fadama. Ko wanne ka zaɓa ka bar ƙofofi a tsakani don kifi da ruwa, kuma kar ya fi cikar ruwa tsayi, in ya fi ka koma gina katanga kenan.

Mataki na takwas: shuka, in har ta zama dole

Ka jira damina ɗaya ko biyu tukuna. In akwai fadama mai lafiya kusa, teku da kansa zai kawo iri, a Ingila yawancin wuraren da aka buɗe ba'a dasa komai ba Salicornia ta fito cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Dasawa na da amfani inda babu iri kusa, ko yashi ne aka zuba wanda zai iya tafiya kafin ciyawa ta zo.

In zaka dasa, iri na wurin kawai. Kar kaji ance wata ciyawa tana da ƙarfi ka ɗauko daga wata ƙasa. Sin ta shigo da Spartina ta Amurka a 1979 don kare gaɓa, ta bazu ta cinye filayen lakar da tsuntsaye ke kiwo, yanzu gwamnati ke kashe maƙudan kuɗi tana tuge ta. Ka reni tsiron a leda, makonnin ƙarshe ka riƙa ƙara masa gishiri a ruwan ban ruwa kaɗan-kaɗan ya saba. Ka dasa a farkon lokacin tsiro, ruwa na janye, kowace ciyawa a tsayin da ka ganta a fadamar da ka auna, ka danne gindin da ƙafa sosai in ba haka ba cikar farko zata tafi dashi.

Ga wani abu da ya saɓa wa hankalin manomi. Mun saba a ba shuka tazara kar su yi gasa, kuma haka aka daɗe ana yi a wannan aikin ma. Gwajin da aka yi a Florida da Holan aka wallafa a 2015 ya nuna in aka dasa su cunkushe, gungu-gungu suna taɓa juna, amfanin ya ninka akan na warwatse, da tsiro adadi ɗaya. Dalili, cikin laka babu iska, kowace saiwa tana sako 'yar iska a gefenta sai maƙwabciya ta amfana, kuma gungu ya fi jure dukan igiya. Sannan ka kewaye da turaku da igiyoyi a sama, don dinya da agwagin daji suna iya tuge aikin wata guda a kwana biyu, a Jamaica Bay sai da aka yi wannan shingen.

Mataki na tara: tsaro na yau da kullum

Hanya ɗaya ta bi, in da hali ta katako a ɗage, saboda sawun ƙafa a laka yana zama lambatu, sawun babur ko mota kuwa shekaru yake yi. A kwashe leda, ragar kamun kifi da tarkacen da babbar cika ke tarawa, don duk inda suka kwanta ciyawar ƙasansu mutuwa take. Kiwo ba haramun bane, tumakin da ke kiwo a fadamun Mont-Saint-Michel na Faransa namansu ma tsada yake saboda ɗanɗanonsa, abun dubawa shine yawa da lokaci, a rage dabbobi sosai lokacin da tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa, a fitar dasu in ƙasa ta jiƙe sharkaf.

In mai ya malalo, kar a ruga da katafila. Bayan hatsarin jirgin Amoco Cadiz a gaɓar Faransa a 1978, inda aka kankare saman fadama da injuna ya fi daɗewa bai farfaɗo ba akan inda aka bari, saboda an kwashe saiwa an kuma rage tsayin ƙasa. A tare man tun a bakin ƙorama, a bar ƙwararru su yanke shawarar sauran.

Mataki na goma: awo, shekara bayan shekara

Ka kafa turaku na dindindin ka riƙa ɗaukar hoto daga wuri ɗaya, fuska ɗaya, wata ɗaya kowace shekara. Ka yi murabba'i na mita ɗaya da katako ka riƙa ajiyewa a wurare sanannu kana rubuta ciyawa iri nawa, ta rufe kashi nawa. Ka auna nisan bakin fadama daga turke don ka san tana ci gaba ko tana ja baya.

Kar ka yi wa kowa alƙawarin cewa nan da shekara biyar zata zama kamar ta asali. Tsuntsaye da kifi suna dawowa da wuri, kore ma yana rufewa cikin 'yan shekaru, amma binciken da aka yi a Ingila ya nuna ko filayen da teku ya ƙwace da kansa shekara 50 zuwa 100 da suka wuce har yanzu ciyayinsu basu zama iri ɗaya da na tsohuwar fadama ba. Shi yasa in kuɗinka kaɗan ne, kuma akwai tsohuwa mai rai a kusa da ake shirin cikewa a yi gini, ka kai kuɗin can tukuna, tare da filin da ke bayanta wanda zata matsa ciki in teku ya tashi.

Awon da yafi kowanne shine na tashin ƙasa, kuma baya cin kuɗi. Ka barbaɗa farar ƙasa a ɗan fili kamar faɗin tabarmar sallah, kauri kaɗan, ka sa turaku a kusurwoyi huɗu. Bayan shekara ka yanko ɗan ɓangare da wuƙa kamar yankan alkaki, ka auna lakar da ta hau kan farin layin da rula. Sabon wuri yakan yi sauri, a Steart ta yankin Somerset a Ingila da aka buɗe a 2014 laka ta riƙa taruwa wajen santimita 7 a shekara a farko saboda ruwan yankin kauri ne da laka, daga baya abun kan lafa. Tekun duniya yanzu yana tashi wajen milimita 4 a shekara, wasu gaɓoɓin fiye da haka saboda ƙasarsu na zama. In lakarka tana kai wannan ko ta wuce, ka ci gaba da hotunanka. In bata kai ba shekara biyu uku a jere, ka koma mataki na biyu ka nemo wanda ya tare lakar.